Ƙarfen Ayashe

A filin jirgin Kano aka sa na kwance wandona a gaban jama'a. Da furfurata. Cikin masu kallo har da yaran da ni na koya wa yadda ake wuce ƙofar binciken. Duk Azare an ji wannan, ba wani ɓoyayyen abu nake faɗa muku ba. Abin da ba a ji ba shi ne yadda aka yi aka kai can, kuma a nan sana'ar take.

Sunana Sale. A tasha Sale Rakiya ake ce mini. Aikina raka mutane daga Azare zuwa filin jirgi, da shirya 'ya'yansu kafin ranar tafiya. Ban yi boko ba. Ku samarin yanzu kuna cewa wannan ba sana'a ba ce, wai a nuna wa yaro bidiyo a waya an gama. To, ku nuna masa. Ranar da aka ce ya saki hannun uwarsa ya taka shi kaɗai zuwa wajen wani ƙato mai kaki, ku zo ku gaya mini abin da wayar ta yi.

Yaro ba jirgi yake tsoro ba. Jirgi ɗokinsa yake yi. Abin da ke birkita shi yana ƙasa, kafin a kai ga jirgin. A karɓe masa takalmi. A ɗauki abin wasansa a sa a wani rami mai baƙin labule ya ɓace. A zubar da ruwan da yake sha. Baƙo ya taɓa shi. Yaron da bai taɓa barin unguwarsu ba, in aka haɗa masa waɗannan a lokaci guda sai ya kwanta a ƙasa yana birgima. Layi ya tsaya, uba ya fusata ya ɗaga hannu, uwa ta rasa inda za ta sa kanta. Wannan nake hanawa.

Kayan aikina suna zaure har yau. Katakon ƙofa wanda babu ƙyaure, kafinta ya yi masa ƙafafu yana tsayuwa da kansa. Babban kwali da na huda gaba da baya na rataya masa baƙin ƙyalle. Tsohuwar tabarma da nake ja ta cikinsa, ita ce bel ɗin da ke tafiya da kaya. Tiren roba. Muciya, a madadin sandar da suke shafa wa mutum a jiki. Rigar kaki da na saya a gwanjo. Sai usur a wuyana. In yaro ya bi ta katakon da ƙarfe a jikinsa na busa, ya koma baya, a cire, ya sake bi. Ba na barinsa sai ya wuce shiru.

A wajen Alhaji Gambo na koya. Ina yaron mota a kan hanyar Kano, shi kuma yana kai maniyyata. Wata rana wani yaron Fulani ya cika mota da kuka, na yi masa Fulatanci, don uwata Bafulatana ce, ya yi shiru. Da muka sauka Alhaji ya ce, “Kai, gobe ka zo gidana.” Shi ke nan ɗaukar aikin.

Alhaji Gambo ya hau jirgi tun zamanin da ake nuna wanda ya hau da yatsa. Mutum ne mai tsawa. Ba ya maimaita magana, ba a kuma tambayarsa dalili. Shi ya ƙirƙiri katakon nan. Na yi shekaru ina ɗaukar masa shi, ina share zaure, ina riƙe yara, kafin ya yarda na taɓa usur. Karatunsa kaɗan ne. Ya ce ƙofar nan in ta yi kuka a kan mutum, an mayar da shi gida, abin da ya sa ta kukan kuma an ƙwace. Ya ce saboda haka yaro ya je mata fes, ba laya, ba awarwaro, ba ɗan kunne, ba ko allurar ɗankwali. Wata rana kuma yana cin goro ya ce mini alhazan da can in suna da abin da ba sa so a gani, a jar fata suke ɗinke shi ninki-ninki, na'ura ba ta ganin cikin fata. Na riƙe duka kamar karatun allo.

Ga abin da ba ku sani ba. Mai rakiya a bakin ƙofar waje yake tsayawa. Marar tikiti ba ya shiga inda ake bincike. Na kai mutane filin jirgi ba adadi, na sauke musu kaya, na yi musu addu'a, na juyo. Ƙofar da nake koyarwa ban taɓa ganinta da idona ba. Ban taɓa ce wa kowa na hau jirgi ba. Ban kuma taɓa cewa ban hau ba. Masu kirana Alhaji ban gyara musu ba. Yaran da na shirya ba sa sa ƙofa kuka, don haka babu wanda ya dawo ya ƙaryata ni. Wata Hajiya ta taɓa ce mini ta ga ƙofa ta yi kuka a kan wata mata, aka shafa ta kawai ta wuce. Na ce matar wani babba ce.

Aikin Nasiru shi ya fito da sunana. Ɗan Alhaji Bala mai yadi ne, za su Umra da iyayensa, bai shiga makaranta ba tukuna. Yana da wata motar gwangwani da ba ya rabuwa da ita ko a barci. Ranar farko na sa ta a tire na ja tabarma, ta shige cikin kwali. Ya cije ni a hannu, ga tabon nan. Uban ya zaro bulala. Na ce, “Alhaji, ajiye. In ka doke shi a nan, a can ma sai ka doke shi, kuma a can ba a yarda.” Washegari ban taɓa motarsa ba. Hulata na sa, ta shiga ta fito. Na sa takalmin uwarsa, ya fito. Na ce ya je ɗaya gefen ya tsaya, shi ne mai karɓa. Ya yi ta karɓa yana miƙa wa masu su. Can sai ya ɗauko motar da kansa ya ɗora a tire, ya ruga ɗaya gefen yana jiranta. A kansa na tsara maganar da nake koya wa kowane yaro tun daga nan, gajera yadda bakinsa zai iya: “Nawa ne. Ku duba. Ku ba ni.” Yaro in yana da abin faɗa ba ya kuka. Da suka dawo Alhaji Bala ya yi ta ba da labari a kasuwa, aiki ya buɗe.

Cire layu ya fi komai wuya, kuma ba yaran ne matsalar ba, iyayen ne. Ina da ƙwarya da nake tarawa a ciki. Laya ta wuya, kambu na damtse, zoben azurfa da kaka ta sa. Nakan ce a zuba a babbar jaka, a mayar in an sauka. Wata uwar ta yi hawaye, wata ta ce, “Malam Sale, tun ranar suna ba a taɓa cire masa ba.” Amsata ɗaya ce: “Ko laya ko jirgi.” Suna cirewa.

Shekarar annoba aka rufe filayen jirgi. Babu Umra, babu mai zuwa ko'ina. Na koma dakon buhunan gero a kasuwa da wannan bayan nawa. Matata ta mayar da katakon wajen shanya. Gara ta ci masa ƙafa ɗaya. Akwai ranar da itace ya ƙare na tsaya a kansa da gatari, sai na fasa sara shi. A shekarar Alhaji Gambo ya rasu. Da aka buɗe hanya aikin bai dawo yadda yake ba. Kowa da waya a hannu, kowa malami ne. Sai wanda ɗansa ya gagara ake kawo mini.

Cikin wannan hali aka kawo Ayashe. Daga wata ruga suke a bayan Bulkachuwa. Ba ta wuce shekara biyar ba. In ta yi 'yar tafiya sai ta tsuguna tana haki, leɓenta ya yi baƙi. Ciwon zuciya ne. Wasu likitoci sun yarda za su yi mata aiki a Legas, sun sa rana, sun ce in ba ta iso ba za a ba wani yaron gurbinta, masu jira da yawa. Mota kuma likitan Azare ya hana, ya ce ba za ta kai ba. An ba su kujerar manya biyu a jirgi, ban da ta yarinyar. Uwarta Hajjo ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Ubanta ba shi da katin shaida. Ni ina da kati, ina jin Fulatanci, kuma a sanin kowa na saba hawa jirgi. Aka ce ni zan raka su har Legas. Na ce to.

Kakarta ce ta kawo ta zaure, Inna Dudu, tsohuwa doguwa mai sanda. Na sa yarinyar ta bi ta katako, sai na ga ƙafarta ta hagu. Zoben baƙin ƙarfe a idon sawu, mai kaurin ɗan yatsa. Na busa usur.

“Wannan za a cire,” na ce.

Tsohuwar ta ce, “Ba a cirewa.”

Ta gaya mini abin da na riga na gane. Hajjo wabi take yi. Duk 'ya'yan da ta haifa kafin wannan, ba wanda ya kai yaye. Da aka haifi wannan aka sa mata Ayashe, aka kai ta maƙera aka rufe mata ƙarfe a ƙafa don ya riƙe ta a duniya. In ƙafar ta girma maƙeri ya ɗan buɗa shi, amma bai taɓa fita ba.

Na ce, “Inna, ƙofar nan ba ta san wabi ba. In ta yi kuka za a mayar da ita gida, a ƙwace ƙarfen.”

“Kai ka gani da idonka?”

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na ce, “Aikina ne.”

Ta ɗauki jikarta ta tafi. Na bi su ruga. Uban yana so, Hajjo ba ta magana a gaban surukarta, tsohuwa ta kafe. Na yi ta sintiri a kan babur, rana tana matsowa. A ƙarshe ta ce ta yarda da sharaɗi. Ƙarfen ba zai shiga jaka ba, ba zai shiga cikin kaya ba. Jikin mai rai zai taɓa, kusa da yarinyar, har ya koma ƙafarta. In ya rabu da su, Hajjo ta juyo da 'yarta ko daga ina ne. Ta sa Hajjo ta yi alkawari a gabana.

Na ce, “A jikina zai zauna.”

Maganar jar fata ce ta faɗo mini. Da na yarda da ita ɗari bisa ɗari, da a ƙafar yarinyar zan sa a naɗe shi. Ban yarda haka ba. Na ce a raina in ƙofa za ta yi kuka gara ta yi a kaina, zuciyar yarinyar ba za ta ɗauki firgita ba. Abin da zai biyo bayan kukan ban tsaya na yi tunaninsa ba.

Muka je maƙera a Azare. Maƙerin ya dubi ƙarfen ya dube ni, ya ce, “Malam Sale, ka tabbata?” Na ce ya yi aikinsa. Ya sa tsumma tsakanin ƙarfe da fata, ya kama da awartaki biyu ya buɗa. Hajjo ta juya baya. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Wurin da ƙarfen ya zauna ya yi fari zagaye da ƙafar, ta riƙa shafa shi da yatsa. Na kai wa baduku ya ɗinke shi a jar fata kamar guru, na ɗaura a ƙugu ƙarƙashin wando.

Shirya Ayashe bai yi wuya ba, sai dai a hankali, don ba ta jure tsayuwa. Ta koyi sa takalmi a tire. Ta koyi sakin zanen uwarta ta bi ta katako ita kaɗai, ta buɗe hannuwa in shafa ta da muciya. Muciyar dariya take ba ta. Hausa ba ta ji ko kaɗan, amma na sa ta haddace maganar nan tawa. Tana faɗinta da harshen Fulani, tana jan ƙarshen. Baffa take ce mini. Kowace safiya sai ta taɓa ƙuguna ta ji ƙarfen yana nan kafin ta yarda mu fara.

Ranar tafiya muka isa Kano da hantsi. Na wuce ƙofar wajen da na saba tsayawa. A layin bincike sai na ji an ce, “A'a, Malam Sale! Yau da kai za a yi?” Alhaji Bala ne, za shi Legas da iyalinsa. Ga Nasiru ya zama saurayi, ga ƙannensa, duk ta zaurena suka bi. Alhaji ya ce wa na bayansa, “Wannan shi ne malamin ƙofar nan a garinmu. Ku zuba ido ku ga aiki.”

Na ga ƙofar. Ta fi tawa tsawo, fara ce, da fitilu a kanta. Ban da haka Alhaji Gambo bai yi kuskure da yawa ba. Hajjo ta wuce. Ayashe ta cire takalmi ta sa a tire, ta taka ita kaɗai, ta tsaya ta buɗe hannuwa tun ba a ce ta buɗe ba. Ma'aikaciyar da ke wajen, wata mace mai jiki da hijabi a ƙarƙashin hula, ta yi dariya ta ce, “Wa ya koya miki, 'yar gari?”

Na zuba agogo da waya da usur a tire. Na yi bisimilla na shiga. Ƙofa ta yi kuka.

Ma'aikacin, yaro ne sa'an ɗana, ya ce, “Baba, koma ka duba aljihu.” Na koma, na zazzage aljihu, na cire hula. Na sake shiga. Ta sake yi. Ya ɗauko sandarsa ya bi jikina, tana zuwa ƙugu ta ɗauki ƙara.

“Baba, mene ne a nan?”

Na ce, “Ba komai.”

Duk yaron da ya bi ta hannuna na koya masa abin da zai ce a wannan wurin. Ni na ce ba komai. Fuskarsa ta canja. Ya taɓa ya ji abu mai tauri a ɗaure, ya ja da baya ya kira na gaba da shi. Suka ce na bi su wani ɗaki. Na dubi Hajjo da yarinyar, ba mai jin yarensu a duk wurin, in na shiga ɗaki aka rufe ban san abin da za su yi ba. Na ce ba zan bar nan ba. Babban ya ce, “To, fito da shi a nan.”

Baduku ya yi aiki mai kyau, ɗaurin kuma ni na yi shi ƙulli kan ƙulli, ya cuɗe da zariyar wando. Na ɗage babbar riga na riƙe da haɓa. Na yi ta fama. Zariya ta zare gaba ɗaya. Wandon ya sauka har gwiwa.

Duk layin ya zuba mini ido. Sai ƙaramin ɗan Alhaji Bala ya sa yatsu a baki ya yi kukan usur ɗina, daidai yadda nake busawa. Yaran suka fashe da dariya. Nasiru ya make shi, amma shi ma ya sunkuyar da kai. Alhaji Bala ya ce, ba da ƙarfi ba, sai dai na ji, “Ikon Allah. Ashe yau ne farkonsa.”

Babban ya riƙe gurun a nesa da jikinsa. “Me ke ciki?”

“Ƙarfe.”

“Ƙarfen me? Me ya sa ka ɓoye? Me ya sa ka ce ba komai?”

Na fara bayani, hannu ɗaya a wando, maganar ta ƙi haɗuwa. Ya ce wannan zai zauna a wajensu, ni ma sai na amsa tambayoyi, matar da yarinyar su wuce in suna so. A lokacin aka yi kiran masu zuwa Legas. Hajjo ba ta ji abin da aka ce ba, amma ta ga gurun a hannun wani. Ta zauna a ƙasa, ta ce mini da Fulatanci, “Mu koma gida.” Na ce ta tashi, za a rasa ranar aikin. Ta ce ta yi wa Inna alkawari. Na san ba za ta tashi ba. Mutane suna ratsa ta suna wucewa.

Ban ga lokacin da Ayashe ta taso ba. Sai ganinta na yi a gaban babban, ba takalmi, tana haki. Ta ɗaga kai ta nuna gurun, ta ce da Hausar nan tata mai ja, “Nawa ne. Ku duba. Ku ba ni.”

Ya dube ta. Ta sake faɗa.

Ma'aikaciyar nan ta zo ta tsuguna. Idonta ya sauka a kan farin zagayen da ke ƙafar yarinyar. Ta taɓa wurin, ta ɗago ta tambaye ni, “'Yar wabi ce?”

Na ce e.

Ta karɓi gurun daga hannun babban ta ce, “Oga, bari na gani.” Ta sa a tire ya shiga na'ura. Suka leƙa allon, ni ma na hango daga inda nake. Ga zoben nan ɓaro-ɓaro, har inda maƙeri ya buɗa. Fatar ko alamarta babu. Ta sa almakashi ta farke ɗinkin, ƙarfen ya faɗo a tafinta.

“Wa ya cire mata?”

“Ni.”

“Don me, Baba?”

“Don kada ƙofa ta yi kuka.”

“To in ta yi fa? Sai mu duba da hannu mu ga ƙarfen ƙafa ne, ta wuce. Kusan kullum sai mun ga irinsa. Ni ma ƙanwata da shi ta girma.” Ba da faɗa ta yi maganar ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ta zura ƙarfen a ƙafar Ayashe. Bakinsa a buɗe yake, ba ya zama. Ta yanki siririn tsiri daga jar fatar ta ɗaure bakin da shi. Ta ce wa babban, “Oga, tsoho ne bai sani ba. Jirginsu zai tashi.” Ya ɗaga hannu ya ce mu tafi. Hajjo ta miƙe ta saɓa 'yarta. Nasiru ne ya ɗauko mini tirena da hulata, bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Mu ne na ƙarshen shiga. Na ratsa jirgin nan tun daga gaba har kujerata hannuna riƙe da wando.

An yi mata aikin a ranar da aka sa. Ta tashi. Wasu suna ce mini ai a asibiti ma da sai an cire ƙarfen. Wataƙila. Ni ba don asibiti na cire ba.

Kafin mu dawo labari ya riga mu. Na sauka a tasha wani ɗan kamasho ya busa usur, aka yi dariya har masu shayi. Wani ya ce, “Alhaji Sale, a ɗaure zariya da kyau!” Na wuce abina. Sai da na kai yarinyar maƙera aka rufe ƙarfen, sannan na kai su ruga. Inna Dudu ta tsuguna ta kama ƙafar jikarta ta jujjuya ƙarfen. Hajjo ta riga ta gaya mata komai a waya. Ta ce, ba ta ɗago ba, “Na tambaye ka ko ka gani da idonka.”

Na ce, “Kin tambaya.”

“Yanzu ka gani?”

“Na gani.”

Ta sa aka kawo mini nono. Na sha na tafi.

Ƙwaryar layu na ba matata, tana auna tsaki da ita. Nakan haɗu da matan da na sa suka cire wa 'ya'yansu, a kasuwa ko a gidan suna. Suna gaishe ni, ina amsawa. Ba wadda ta taɓa ta da maganar.

Ina nan a zaurena a Azare, bayan tasha. Katakon yana tsaye da ƙafarsa ɗaya sabuwa. Masu zuwa ba su da yawa, yawanci daga ruga ne da ƙauyukan Gololo, Inna Dudu ce ke turo su. Kafin mu fara nakan gaya wa iyayen sau ɗaya na taɓa bin ƙofar nan ta Kano, kuma ta yi kuka a kaina. Ba na cire wa yaro komai sai abin da ke aljihu. Kowane yaro yanzu sai na busa masa usur, ko da ƙarfe ko babu, ya tsaya, ya buɗe hannuwa, ya faɗi maganarsa, na shafa shi da muciya, ya wuce.